Darasi a Kan Jiyyar Tsofaffi

Ya kai mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, wannan darasi naka ne. Ka sani doka ta biyar cikin Dokoki Goma ta umarce ka ka girmama iyayenka. Ka tuna kuma Ubangijinmu Yesu, sa'anda yana bisa gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirin nan da yake ƙauna domin ya riƙe ta, kamar yadda aka rubuta cikin Bisharar Yohanna sura 19. Durƙuso da gaisuwar safe suna da kyau, amma mai bi ba ya tsayawa nan.

Akwai wata magana da ta hallaka tsofaffi da yawa, ita ce, "Ai tsufa ne." Baba ya ce idonsa ya yi hazo, sai a ce tsufa ne, a miƙa masa sanda da yaron da zai ja shi. Alhali sau da yawa yana ce ta rufe idon. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ita ce babbar mai makantar da mutane, ita kuwa tana da magani. Likita yakan cire abin da ya yi fari, ya sa na roba a gurbinsa, yawanci kashegari mutum ya soma gani. Asibitin Ido na Kano, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1943, yana cikin wuraren da ake wannan aiki. Kada ka kai shi wurin mai yawo ƙauyuka yana ture yanar da tsinke, gama idanu da yawa sun mutu ta haka.

Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Ka sa a riƙa auna tsohonka. Idan awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko fiye, sai likita ya duba shi, kada ɓarin jikinsa ya shanye. Maganin kuwa na kullum ne, ba a barinsa domin an ji sauƙi. Ranar asibiti ka tattara dukan magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya, ka nuna su, gama maganin ciwon gaɓɓai da ake sha babu ƙa'ida yana ɓata ƙoda da ciki.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. Idan tsohuwa ta ruɗe farat ɗaya, tana sambatu, ka hanzarta da ita asibiti, gama zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki na iya kawo haka, yakan kuwa wuce idan an yi magani. Idan kuwa mantuwa ta zo a hankali, har ta manta sunan jikokinta, ta fita da dare ta ɓata, wannan cutar ƙwaƙwalwa ce. Abin kunya ne ƙwarai a ji masu bi suna kiran irin wannan uwa mayya. Wadda ta goya ka, ta tauna maka abinci, ita za ka bari a jefa? Abin da ta faɗa cikin ruɗewa ba shaida ba ne a kanta. Ka tsaya mata, ko da dangi duka sun juya baya.

Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a juya shi bayan kowace sa'a 2, a tsabtace shi, domin kada gyambo ya fito masa. A ba shi ruwa ko bai roƙa ba, gama ƙishirwar tsoho ba ta da ƙarfi.

Batun kuɗi kuma, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci tsofaffi cikin waɗanda za a tallafa wa. Ka tambaya a jiharku, ka kuma gaya wa dattawan ikilisiya idan abin ya fi ƙarfinka. Sa'anda kuka shiga gaban likita, ka bar tsohon ya faɗi ciwonsa da bakinsa, sa'an nan ka ƙara abin da ya manta.