Waɗanda Aka Warwatsa

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:1-4, 11:19-21.

Ku lura, 'yan'uwa: sa'ad da tsanani ya tashi bayan kisan Istifanus, manzanni suka tsaya a Urushalima. Waɗanda suka kai bishara Antakiya masu gudun tsanani ne, Luka kuwa bai ko ambaci sunayensu ba.

Haka aka yi a Adamawa. Likita Bronnum, mutumin Danmak, ya iso Numan a 1913, amma sai 1948 aka keɓe fastoci 'yan ƙasa na fari, su biyar. Shekara 35 ke nan! Su wa suka taya Turawan nan kaɗan aiki a ƙauyuka? Malaman makaranta ne, da manoma, da mata.

Tambaya: A kasuwar Jimeta, ko a wurin aikinka cikin Yola, wa ya san kai mai bi ne? Ta yaya ya sani?