In Tiren Sidi Ya Ƙi Fita

Darasinmu na yau kan na'urar sidi ne, wannan akwatin da ake sa wa faifai a ji waƙa ko karatu, ko a kalli fim. Wata tana haɗe da rediyo, wata kuma sai an jona ta da telebijin. A gabanta akwai wani faranti da ke fitowa kamar harshe in an danna maɓalli. Shi ake kira tire. A kansa ake ɗora faifai, ya koma da shi ciki.

Faifan sidi ba tsohon abu ba ne sosai. Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa kai suka ƙera shi, aka fara sayar da shi a ƙasar Japan a 1982. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar magana ta minti 74 zuwa 80. Mu nan kaset muka daɗe muna amfani da shi. Fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, a kaset ya fito. Sai bayan shekara ta 2000 faifai ya cika kasuwanninmu, daga Kano zuwa Maigatari, zuwa Dungas da Magariya da Waca. Yanzu kuma wayar salula da memori sun ture shi gefe.

To, in haka ne, me ya sa za mu damu da gyaran tire? Saboda abin da ke cikin faifan. Waƙar Mamman Shata ko ta Ma'azu Ɗan Alalo, kana iya samun wata wajen masu tura waƙa a waya. Amma faifan bikin ɗiyarka fa? Ko na ranar saukar karatun ɗanka, inda ake jin muryar kakansa da ya riga mu gidan gaskiya? Wannan ba a sayar da shi ko a Kasuwar Dole ta Damagaram. In tire ya maƙale da irin wannan faifai a ciki, hankalin mutum yakan tashi. Nan ne ake yin ɓarna. Sai ka ga an ɗauko wuƙa ana ɓamɓarar tire.

Ajiye wuƙar nan, ɗan'uwa. Na'urar da tirenta ya ƙi fita, sau da yawa ba mutuwa ta yi ba. Wuƙar ce za ta kashe ta. Kuma ka san wani abu? Maganar da ke cikin faifan sidi tana kwance ne dab da bayansa, wajen da ake yin rubutu. In bakin wuƙa ya karce nan, abin da ke wurin ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi.

Ka san injin niƙa. Inji yana juyawa, bel yana ɗaukar ƙarfinsa yana kai wa maniƙa. Ranar da bel ya saki, inji zai yi ta ƙara amma gero ba zai niƙu ba. Haka cikin sidi yake, sai dai komi ƙarami ne. Akwai ɗan inji wanda bai fi kan babban yatsa ba. Akwai bel, wani siririn zoben roba baƙi. Bel ɗin yana juya wasu ƴan ƙafafun roba masu haƙora, waɗanda masu gyara ke kira giya. Su kuma haƙoransu suna shiga cikin haƙoran da aka jera a ƙarƙashin tire, su tura shi waje ko su jawo shi ciki.

Akwai kuma mayen ƙarfe da ke riƙe faifai daga sama, don kada ya yi rawa sa'ad da yake juyawa. Kafin tire ya fito, dole ɗan injin nan ya raba faifai da mayen ƙarfe. Wannan shi ne aiki mafi nauyi da bel yake yi. In bel ya tsufa, a nan yake kasawa. Shi ya sa wata na'urar takan buɗe in da faifai a ciki, amma ta ƙi in babu. Faifan ne yake shiga tsakani, ya rage ƙarfin mayen.

Ƙasarmu kuwa ba ta tausayin roba. Zafin bazara, a watan Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40. Roba ta saki, ko ta bushe ta tsage. In hunturu ya zo, ƙura ta shiga ko'ina, ta haɗu da man da ke jikin giya, ta zama kamar laka. Ga kyankyasai masu son ɗumi. Ga zanzaro da ke gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu. Ga yara, masu ɗaukar tire kamar asusu, suna jefa masa dala biyar.

Kafin ka kwance komi, yi amfani da kunnenka. Danna maɓallin buɗewa, ka kara kunne.

In ba ka ji komi ba, kuma fitilar gaba ba ta kama ba, matsalar wuta ce, ba ta tire ba. Duba waya. In da batir ko sola kake aiki, wataƙila caji ne ya yi ƙasa. Bari ya cika, ka sake gwadawa.

In ka ji ɗan inji yana “zuuu” amma tire bai motsa ba, bel ne. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙi. Sake danna maɓalli, ka ɗan bubbuga saman akwatin da tafin hannu a hankali. Wani lokaci wannan kaɗai yakan sa maye ya saki. In tire ya fito, ɗauke faifanka maza. Amma fa ba ka gyara ba tukuna, faifai kawai ka ceto.

In kuwa “kar-kar-kar” ka ji, to wani abu ya tokare, ko haƙori ya karye. Kada ka ƙara dannawa.

Wasu na'urori suna da hanyar gaggawa. Na jikin kwamfuta suna da ɗan rami kamar na allura a ƙarƙashin tire. Kashe na'urar, ka tura miƙaƙƙiyar waya siririya cikin ramin, tire zai ɗan leƙo, ka jawo shi da hannu. Wasu na gida kuma suna da tsaga a ƙasan akwatin. Ɗaga ka duba. In babu, sai buɗewa.

Yanzu ka karanta wannan wuri sau biyu. Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, zare wayar wuta daga bango. Kashe maɓalli bai isa ba. Wutar NIGELEC da ta janareto bolt 220 ce, tana kisa. Ko bayan ka zare waya, ka dakata kamar minti 10. A kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai wani allo mai ɗauke da ƴan abubuwa masu kama da ƙananan ganguna. Suna ajiye wuta a cikinsu. Wannan allo ba ruwanka da shi. Kada ka taɓa shi da hannu, kada ka taɓa shi da ƙarfe.

Abu na biyu shi ne ido. A tsakiyar na'urar akwai ɗan gilashi mai ƙyalli, kamar idon fara. Daga nan wani haske mai suna leza yake fita ya karanta faifai. Hasken na sidi ba a cika ganinsa ba, amma yana iya cutar da idon mutum. Saboda haka ba a kunna na'ura a leƙa idon nan. Ba a kuma shafa shi da yatsa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukuddireba mai bakin gicciye, wadda wasu ke kira turnabis, da auduga, da tsinke, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma mai tsabta, da ɗan alkol na kantin magani. Shimfiɗa tabarma a inuwa mai haske. Kada ka yi aiki bisa rairayi. Sukurun da ya faɗa rairayin Waca, sai dai ka yi masa addu'a. Ajiye murfin kwano kusa da kai, duk wanda ka kwance ka jefa ciki. Uwargida, ke ma kina iya wannan aiki. Hannun da ya saba da keken ɗinki ya fi hannun mai sassabe dacewa da shi.

Kwance sukurun baya da na gefe, ka ɗaga murfi. In kana da waya mai hoto, ɗauki hoton cikin kafin ka motsa komi. In babu, zana shi a takarda. Ai yanzu alƙalami ba baƙonka ba ne.

Duba wajen gaba, kusa da bakin tire, za ka ga ɗan inji da ƙafar da bel ya zagaye. A wasu na'urorin tire yana rufe su, sai ka leƙa ta gefe ko ta ƙasa. Juya ƙafar da yatsa sannu a hankali. In ta cije, juya ta ɗaya wajen. Da farko za ka ga ido ya sauka ƙasa, faifai ya rabu da maye. Ci gaba da juyawa, tire zai fara fitowa. In ya fito kamar faɗin yatsa biyu, jawo shi a hankali. Ɗauki faifan ta gefe-gefe, ka sa shi cikin gidansa.

Sai bel. Ɗaga shi da tsinke ka fitar. Dube shi da kyau. In ya tsage, ko ya narke yana manne wa yatsa kamar ƙaro, ya gama aiki. In santsi kawai ya yi, wanke shi da ruwa da sabulu, ka bar shi ya bushe sarai. Goge ramin ƙafar da yake zama da auduga da alkol. Wasu sukan jiƙa bel cikin ruwan zafi don ya ɗan tsuke. Yana yi, amma na ƴan kwanaki ne.

In sabo za ka saya, tafi da tsohon a aljihu wajen mai gyaran rediyo. Nemi wanda ya ɗan fi tsohon ƙanƙanta, don tsohon ya riga ya miƙe. Kada ya matse da yawa, sai ya wahalar da ɗan inji. In ba ka samu ba, siririyar robar ɗaure kuɗi ko ta kitso tana iya riƙe ka kafin ranar kasuwa. Ba ta daɗewa, zafi ke cinye ta.

Tunda ka riga ka buɗe, share hanyar tire. Cire duk abin da ya faɗa ciki. Goge haƙora da buroshi, ka kwashe tsohon man da ya daskare. In za ka sa sabo, ɗan basilin a kan tsinke ya isa, a gefen da tire ke gogawa kawai. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya kira tururuwa. Ban da baƙin mai. Ban da fetur da kananzir, suna lalata roba. Kuma ko ɗigo kada ya taɓa bel, in ba haka ba ka koma gidan jiya.

Wata matsalar kuma, tire ya fito, kafin ka ɗora faifai ya koma da kansa. Akwai wani ɗan makunni kusa da giya, shi ke gaya wa na'ura cewa tire ya gama fita. In datti ya kama shi, sai na'ura ta rikice. Goge shi da auduga da alkol, ka bari ya bushe.

Su giya, a ganina, gara ka bar su inda suke. Kowace tana da wurin da haƙorinta zai shiga, wasu ma da ƴar alama a jikinsu. In suka sauka daga tsari, tire zai rufe amma ido ba zai tashi ba. In ka ga haƙori ya karye, aikin gida ya ƙare. Gam ba ya riƙe shi. Wannan sai mai gyara, a Magariya ko Damagaram, wanda ke tara matattun na'urori yana ciro kaya daga jikinsu. Haka in ka ji warin ƙuna, ko ka ga baƙin tabo a kan allo. Mayar da murfi ka kai masa. Gaya masa ƙarar da ka ji da abin da ka gani, don kada ya yi ta lalube.

In ka gama, tura tire ciki da hannu, mayar da murfi, ɗaure sukuru, sannan ka jona wuta. Gwada buɗewa da rufewa sau 5 babu faifai. Daga nan sa faifan da ba ka damu da shi ba. In ya yi, sai ka sa mai daraja.

Daga yau a riƙa rufe tire da maɓalli, a daina tura shi da ƙarfi. A ɗinka wa na'urar riga, a lulluɓe ta in ba a aiki da ita. Faifai kuma ana goge shi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Faifan biki da aka buga a shago bai kai na kamfani ƙarko ba, rana da zafi suna cin sa. In ka je birni, kai shi wajen mai kwamfuta ya juye maka shi a memori, ka ajiye biyu.

Tambayoyi

1. Wace ƙara ce ke nuna bel ya saki?
2. Me ya sa ake dakatawa bayan an zare wayar wuta?
3. Wane gefen faifai ne karce ya fi yi wa ɓarna?
4. Tambayi kuɗin bel wajen mai gyara, ka tambayi kuɗin mota daga Waca zuwa Damagaram, zuwa da dawowa. Rubuta su a littafinka, ka fitar da bambanci.