Ɗana, Ka San a Hannun Wa Za Ka Karɓi Wuridi

Ɗana, an ce mini ka fara jan wani wuridi da aka turo maka a WhatsApp. Allah ya ƙara maka son ibada. Amma zauna ka ji, domin abin ya tsaya mini a rai.

Duk wanda zai ba ka wuridi ko ya ɗora ka a kan hanyar tarbiyya, ka tambaye shi cikin ladabi: a gaban wa ya durƙusa ya yi karatu, wa kuma ya ba shi izini? Malamin gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Muƙaddamin Tijjaniyya zai lissafa maka silsilarsa har zuwa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Na Ƙadiriyya ma zai kai ka har Sidi Abdulƙadir na Bagadaza. Ko a ƙasar Indiya, mabiya addinin Hindu suna duba jerin malaman da guru ya fito daga cikinsu kafin su miƙa masa wuya.

Dubi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Duk da baiwar da Allah ya yi masa, sai da ya zauna tare da malaminsa Usmanu Binduri yana koyon halinsa, ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ƙanen Shehu, Abdullahi, littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu. Hali ake ɗauka a zauren malami, ɗana: yadda yake cin abinci, yadda yake haɗiye fushi, abin da yake yi da sadakar da aka kawo masa. Waya ba za ta nuna maka wannan ba, ba kuma za ta tsawata maka ranar da girman kai ya shige ka ba.

Bin malami ba tare da bincike ba yana da haɗari. Mu da muka manyanta muna tuna Kano a Disambar 1980, lokacin da bin wani mai wa'azi da ake kira Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000, da yawansu matasa masu neman Allah da zuciya ɗaya.

Ba ka rasa inda za ka ba. Daga nan Ɗan Issa, Maraɗi na kusa, Katsina ma ta hanyar Jibiya ba nisa. Ka je zaurukan malamai, ka zauna, ka tambayi maƙwabtansu, kada ka yi gaggawa. In ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi, zo mu je tare in gaishe shi.