Illar Laƙaba Wa Jama'a Mummunan Suna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, fadamar Baturiya da ke ƙasar Haɗeja ta tara manoma da masunta da makiyaya, kowa yana cin arzikin ruwan kogi guda. Sai dai harshen mutane bai bar su haka ba. A kan ce ɗan makiyayi ba ya gane karatu, ɗan masunci kuwa bai san kome ba sai koma da kwalekwale. Yaron da ya tashi yana jin wannan magana kullum, in ya shiga aji ya kan zauna a baya, ya ji tsoron amsa tambaya, domin yana ganin in ya yi kuskure za a ce halin danginsu ne.

Masana sun gwada wannan al'amari. A wani bincike da Karla Hoff da Priyanka Pandey suka wallafa a 2004, an bai wa yaran ƙauyukan Indiya wasan gwajin basira. Da ba a ambaci asalin kowa ba, 'ya'yan waɗanda ake raina wa asali sun yi daidai da sauran. Da aka shelanta asalinsu a gaban jama'a, sai ƙoƙarinsu ya ragu, alhali kuwa basirarsu tana nan yadda take.

Musulunci ya riga ya toshe wannan ƙofa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifa da miyagun laƙabobi, aya ta 13 kuma ta nuna cewa an yi ƙabilu domin sanin juna, fifiko yana ga taƙawa. Buhari ya ruwaito cewa Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, sai Annabi (SAW) ya tsawata masa, ya nuna masa cewa wannan ragowar halin Jahiliyya ne. Ata'u ɗan Abi Rabah kuwa baƙar fata ne, 'yantaccen bawa, amma shi ya zama mai bai wa mutanen Makka fatawa.

Tun 1989 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin makiyaya, daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta. Amma gina aji bai isa ba matuƙar malami yana kiran yaro da sunan raini. Wajibi ne malaman allo da na boko su kira kowane ɗalibi da sunansa, su auna shi da aikinsa, iyaye kuma su kame bakinsu ko da cikin wasa ne. Allah Ya shiryar da al'umma, amin.