Sikelin da ke auna duwatsun cikin ƙasa

Mai karatu, auna tiya guda ta gero, ka auna tiya guda ta dusa. Ƙwarya ɗaya ce, amma nauyi ba ɗaya ba. To, duwatsu ma haka suke. Lita guda ta ruwa kilo 1 ce. Dutsen giranit mai girman wannan lita ya ɗara kilo 2 da rabi kaɗan. Baƙin dutsen da aman wuta ke fitarwa kuwa ya kusa kilo 3.

Ka san ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta. Shi ya sa guga ke faɗawa rijiya in igiya ta tsinke. Amma janta ba daidai yake ko'ina ba. Inda dutse mai nauyi yake kwance a ƙarƙashi, jan yakan ƙaru. Inda marar nauyi yake, sai ya ragu. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, jikinka ba ya jin sa.

Akwai na'urar da ke jin sa, sunanta garabimetir. Kamar sikelin rataye na mahauta take: ɗan ƙarfe ne rataye ga lanƙwasasshiyar waya. In ja ya ƙaru, wayar ta ƙara miƙewa. Ma'aunin sunansa miligal, wajen kashi ɗaya cikin miliyan na jan ƙasa. Aikin yana son haƙuri. In ka hau tudu na metir 3 kawai, awo ya ragu da kusan miligal 1. Saboda haka duk inda aka aje na'ura, sai an san tsayin wurin, a cire shi cikin lissafi. In ba haka ba, tudu ka auna, ba dutse ba.

Dubi duwatsun Abzin. Da yawansu, irin su Bagzan, a kewaye suke kamar zobe. Narkakken dutse ne ya taso daga ƙasa, rufinsa ya rufta, sauran ya bi tsagar ya daskare. Zobban nan sun jeru daga Abzin, sun biyo ta Damagaram da Gure, har Jos ta Najeriya. Na Abzin su ne manya, sun haura shekara miliyan 400. Na Jos ƙanne ne, ba su wuce miliyan 200 ba.

Wata malama ƴar Najeriya, Debora Ajakaiye, ta auna zobban Jos. Ta tarar ja ya yi rauni a kansu. Me ya sa? Giranit ɗin bai kai tsohon dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba. Raunin kuma ya nuna jikinsa ya nutse kilometir da dama. Ashe abin da ido ke gani kan tulu ne kawai.

A gabashin Nijar ma, masanan Faransa sun bi hamada da na'urar. Binciken da Piyar Luwi ya fitar a 1970 ya nuna alamar ɓawon ƙasa ya tsage a ƙarƙashin rairayi, wajen Tarmit. Cikin kwarin nan ne man Agadem yake, wanda matatar Damagaram ta fara tacewa a 2011.

Sai dai sikelin nan ba ya ganin mai, nauyi kaɗai ya sani. Ƙaramin dutse na kusa da babba na nesa suna iya ba da awo ɗaya. Don a raba su, sai an haɗa da wani awon, ko kuwa a haƙa.