Rabuwar Aure da Rabon Dukiya: Ina Matsayin Haraji?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan 'yar takarda ita ce duba inda haraji yake shiga yayin da aure ya mutu aka zo batun dukiya. An ɗauki misali da gida a unguwar Kawaji ta birnin Kano.

2.0 Matsayin Dukiyar Ma'aurata

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Kano suke bi, aure ba ya gama dukiyar miji da ta mata. Idan an rabu, mace takan fita da sadakinta da kayan ɗakinta da duk abin da ta nema da hannunta. Tun da ba a sauya mai mallaka ba, babu abin da hukuma za ta karɓa. Ikon da sashe na 72 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ya bai wa alƙali na raba kadara ya tsaya ne ga auren rajista.

3.0 Inda Haraji Yake Shigowa

A ɗauka miji ya bar wa matar da ya saki gida a Kawaji domin ta riƙe 'ya'yansu. A nan mallaka ta tashi daga hannu zuwa hannu, sai abubuwa uku su taso.

Na farko, harajin ribar kadara. An kafa shi a 1967, kuma daga 1996 zuwa ƙarshen 2025 an riƙa karɓar kashi 10 cikin ɗari, amma dokar ta ɗauke shi daga kyauta da gidan da mutum yake zaune a ciki. Dokar Haraji ta 2025, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta soke waccan, ta mai da ribar kadara cikin kuɗin shigar mutum. Saboda haka wanda ya sayar da gidan haya ko fili domin ya sallami abokin zamansa, sai ya lissafa ribar.

Na biyu, kuɗin kan sarki da na rajistar takardar sauya mallaka.

Na uku, yardar gwamna. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana sauya mallakar fili mai satifiket ba tare da ita ba, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi babu wannan yarda.

Wasu ƙasashe sun yi wa masu rabuwa tanadi na musamman. A Amurka, tun 1984 ba a ɗora harajin riba kan kadarar da ta wuce tsakanin ma'aurata saboda saki, sai ranar da wanda ya karɓa ya sayar.

4.0 Kammalawa

Haɗarin da ya fi girma ba yawan harajin ba ne, gudunsa ne. Sau da yawa akan miƙa gida da baki a gaban dattawa don kauce wa kashe kuɗi, satifiket kuwa yana nan da sunan miji. Ran da ya rasu, ko bashi ya hau shi, sai magada ko banki su taso, matar ta shiga neman shaidu. Kuɗin da ake biya wajen rajista shi ne yake tsare mata gidan.