Darasi na 17: Tsatsa, Abokiyar Gabar Babur

Abijan babban birni ne a ƙasar Kwaddibuwa. Hausawa da yawa suna zaune a can, suna kasuwanci a unguwannin Ajame da Tireshibil. A tsakiyar birnin akwai wani babban tafki mai suna Ebiriye. Unguwar Tireshibil tana kan tsibiri a cikin wannan tafki.

A bakin tafkin akwai tashar jiragen ruwa. Da Faransanci ana kiran ta Gare lagunaire de Treichville. Tun shekarar 1980 kamfanin SOTRA yake ɗaukar mutane a jirage, yana ƙetarar da su zuwa Filato da wasu unguwanni. Mai babur yana iya ajiye babur ɗinsa kusa da tasha da safe, ya shiga jirgi, ba zai dawo ba sai yamma. Da dare kuma, in ba shi da rumfa, a tsakar gida babur zai kwana. Rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi, raɓa ta sauka a kansa. Kafin a jima sai a ga wani jan abu ya fara fitowa a jikin ƙarfe. Wannan ita ce tsatsa.

Mece ce tsatsa?

Tsatsa ba datti ba ce da ta zo daga waje. Ƙarfen ne da kansa yake lalacewa. A cikin iska akwai wani sinadari mai suna oksijin, wanda muke shaƙa. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da oksijin, sai ya riƙa juyewa ya zama jan gari. In babu ruwa, tsatsa ba ta kama ƙarfe. In babu iska ma haka. Sai su biyun sun taru. Gishiri kuwa shi ne mai zuga su. In akwai shi a cikin ruwa, tsatsa takan ci ƙarfe da sauri ƙwarai.

Me ya sa tsatsa ta yi yawa a Abijan?

A Maraɗi ko Katsina damina ɗaya ce a shekara. Da ta wuce sai iska ta bushe wata da watanni. Abijan ba haka take ba. Damina biyu gare ta: babba daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama a Oktoba da Nuwamba. Ruwan da ake yi a can a shekara ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iska tana da laima.

Ga kuma gishiri. A shekarar 1950 aka buɗe mashigin Biridi, wanda ya haɗa tafkin Ebiriye da teku, don manyan jirage su shigo. Tun daga lokacin ruwan teku yake shiga tafkin ta wannan hanya. Da rani ruwan tafkin yakan ƙara gishiri. Iskar da ke tasowa daga teku ita ma tana ɗauke da gishiri, tana zuba shi a kan ƙarfe. Shi ya sa babur ɗin Tireshibil ya fi na Maraɗi saurin yin tsatsa.

Ɓarnar tsatsa

Tsatsa takan fara daga sarƙa, da salansa, da notuna, da siraran ƙarafan da ke cikin ƙafafun babur. Takan shiga har cikin tanki. Sarƙar da ta yi tsatsa tana iya tsinkewa ana cikin gudu. Wayar birki in ta ci tsatsa, sai a ja ta ta ƙi kamawa. Garin tsatsar tanki kuma yakan bi mai ya toshe hanya, babur ya mutu a tsakiyar titi. Ashe ba kuɗi kaɗai tsatsa take ci ba, tana iya cin rai.

Yadda ake hana ta

Dabarar guda ɗaya ce: a raba ƙarfe da ruwa da gishiri.

1. A wanke babur da ruwan famfo da sabulu sau ɗaya a mako. Kada a wanke shi da ruwan tafki, domin akwai gishiri a ciki.

2. Bayan wanki, ko bayan an yi ruwan sama, a goge shi da busasshen tsumma. A bi lungu-lungu, inda ruwa yake kwanciya.

3. A sa wa sarƙa mai, a shafa giris a kan notuna. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, saboda haka ruwa ba zai taɓa ƙarfen ba. Amma kada mai ya taɓa birki ko taya, don santsi yake kawowa.

4. Fenti shi ne rigar ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Duk inda fenti ya kankare, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi haske, sannan a sake shafa fenti.

5. A rufe babur da tampol, amma sai ya huce, ya kuma bushe. A bar ƙasan tampol a buɗe don iska ta riƙa shiga. In aka ƙunshe jiƙaƙƙen babur cikin leda, an kulle shi ɗaki ɗaya da abokiyar gabarsa.

6. Kada a tsayar da shi a cikin ciyawa ko taɓo. A nemi wuri mai tudu, inda ruwa ba ya kwanciya.

7. In babur zai daɗe a ajiye, a cika tankinsa da mai. Tankin da babu komai a ciki yakan tara laima.

Ba babur kaɗai ake yi wa wannan hidima ba. A birnin Paris na ƙasar Faransa akwai hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a shekarar 1889. Duk da ƙarfe aka yi ta. Kusan duk bayan shekara 7 ana sake yi mata fenti, shi ya sa take tsaye har yau. Rigakafi ya fi magani.

Mu gwada da kanmu

Ku nemi sababbin kusoshi 4 da kwalabe 4. Kusa ta farko ku sa ta a busasshiyar kwalba, ku rufe. Ta biyu ku sa ta a kwalba mai ruwa kaɗan. Ta uku ku sa ta a ruwan da kuka jiƙa gishiri a ciki. Ta huɗu ku shafe ta da giris sosai, sannan ku sa ta a ruwa. Ku riƙa duba su kowace safiya har kwana 7. Ku rubuta abin da kuka gani a littafinku.

Abin riƙewa

Ƙarfe da ruwa da iska su ke haifar da tsatsa. Gishiri yana ƙara mata sauri. Wanki da gogewa da mai da fenti su ke hana ta.

Kalmomi da Faransanci

tsatsa: la rouille
ƙarfe: le fer
babur: la moto
sarƙa: la chaîne
birki: le frein
gishiri: le sel
tafki: la lagune

Tambayoyi

1. A bakin wane tafki tashar Tireshibil take?
2. Waɗanne abubuwa ne suke haɗuwa su kawo tsatsa?
3. Ta ina ruwan teku yake shiga tafkin Ebiriye?
4. Don me ba a wanke babur da ruwan tafki?
5. Wane haɗari ne ke cikin sarƙa mai tsatsa?
6. Me ya sa ba a rufe jiƙaƙƙen babur?

Aikin gida

Ku duba gidanku, ku rubuta sunayen abubuwa 5 na ƙarfe da suka yi tsatsa. Ku faɗi yadda za a kare kowanne.